Ido Ba Mudu Ba Ne

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau kuwa na ɗauri aniyar in fito da ita fili, mai jin haushi ya ji, mai ƙaruwa ya ƙaru. Maganar a kan wani darasi ne da a ke koya wa 'ya'yanmu a makarantun sakandare, cikin lissafin siffofi, wanda Larabawa ke kira handasa. Darasin shi ne yadda a ke kafa hujja cewa alwatika biyu daidai wa daida su ke. Na ji dattijai da yawa suna yi masa ba'a, na kuma ji waɗansu malaman makaranta suna cewa ba shi da wani amfani in ban da cin jarrabawa. Ni na ce dukansu sun yi kuskure, kuskuren nan kuwa yana ci mana gonaki, yana raba mu da 'yan'uwa. Ba zan ce ku yarda don na faɗa ba, gama da na yi haka da na rushe maganata da kaina. Zan kawo hujja, ku duba.

Bari in fara da fayyace abin da a ke nufi, don kada wanda bai zauna ajin sakandare ba ya ga an bar shi a baya. Alwatika ita ce siffa mai gefe uku da kusurwa uku, kamar abin da za ka samu in ka kafa turaku uku a ƙasa ka kewaye su da igiya. In an ce alwatika biyu daidai wa daida su ke, ana nufin da za ka yanke ɗaya ka ɗora bisa ɗayar, sai ta rufe ta ruf, ba inda ya leƙo, ba inda ya gaza. A nan zan riƙa kiransu tagwaye don sauƙin faɗi. Tela ya san wannan sarai. In zai yanka hannuwan riga sai ya ninka yadi biyu ya sa almakashi sau ɗaya, hannuwan su fito tagwaye. To, yadi yana ninkuwa, amma gona ba ta ninkuwa. Ba ka iya cicciɓar gonar wannan ka ɗora bisa ta wancan ka ga ko sun yi daidai. Saboda haka masana suka nemi hanyar da mutum zai tabbata abu biyu daidai su ke ba tare da ya ɗora ɗaya bisa ɗaya ba. Darasin ke nan gaba ɗayansa.

Ran nan muna zaune da la'asar a wata majalisa a Gulma, sai wani yaro ya zo wucewa da littafinsa. Kakansa ya karɓa yana dubawa, ya ga an zana alwatika biyu, a ƙarƙashinsu kuma yaron ya cika rabin shafi da rubutu. Ya tambaye shi ko mene ne wannan. Yaro ya ce, "Kaka, hujja ce a kan su biyun daidai su ke." Dattijo ya yi dariya har da tafa hannu, ya juyo wurina ya ce, "Malam, ka ji aikin banza! Abin da ko makaho ya shafa ya san ɗaya ne, shi za a zaunar da yaro wuni guda yana kawo wa shaida? Gani ai ya kori ji. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima." Jama'a suka yi ta gyaɗa kai. Ni ban tanka ba saboda girmansa, amma a zuci na ce dattijon nan ya kā da kansa da bakinsa, gama karin maganar da ya kawo ta fara ne da cewa ido ba mudu ba ne. Shi kansa in ya kai shinkafa kasuwar Argungu, ba zai yarda mai saye ya dubi buhu ya ce masa tiya kaza ce ba, sai an auna. Don me abin da ba mu yarda da shi a kan buhu guda ba, mu ke yarda da shi a kan gonar da ke fid da buhunan?

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Don haka kafin in ci gaba da ganin laifin dattijo, bari in fallasa nawa. A daminar 2020 aka yi babbar ambaliya a Jihar Kebbi, gulbi ya cika ya tumbatsa, ya kwashe shinkafar fadama tun daga ƙasar Argungu har Birnin Kebbi da gaba. Da ruwa ya janye sai aka tarar ya tafi da kunyoyi da alamun iyaka. A shekaran nan ne wani ƙanen mahaifina ya riga mu gidan gaskiya, ya bar 'ya'ya maza biyu, su kaɗai ne magada, da gonakin fadama biyu. Dattijan dangi suka fita da igiyar awo. Gona ta fari aka sami dogayen gefunanta mita 60 kowanne, gajerun kuwa mita 50 kowanne. Aka je ta biyu, wadda ke bakin wani tsohon rafi, aka ja igiya bisa gefunanta huɗu, aka sami 60 da 50, 60 da 50. Kowa ya ce alhamdu lillahi, Allah ya sauƙaƙa rabo. Wa ya ɗauki ta fari, ƙane ya ɗauki ta biyu. Da ya ke ni ne akawu a cikin dangi, ni aka miƙa wa alƙalami, ni na rubuta cewa gonakin nan daidai su ke, na sa hannu ina shaida.

Shekara uku ana noma, kowace kaka abin da ƙane ke samu ba ya kai na wansa, ga shi iri ɗaya su ke shukawa, taki ɗaya su ke zubawa. Wa ya ce ragwanci ne. Ƙane ya fara zargin an sa masa hannu. Matansu suka daina aika wa juna kwanon abinci, har ta kai ran Salla sun haɗu a masallacin idi kowa ya kau da kai. Ana nan cikin ranin 2024, sai 'yar ƙanen, wadda ke makarantar sakandare, ta same ni a zaure ina duba takardar rabon. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba, da aka auna gonakin nan, an ja igiya a gicciye, daga wannan kusurwa zuwa waccan?" Na ce, "A'a, 'yata. Me za a yi da ita, tun da an auna gefe huɗu?" Ta ce, "Malaminmu ya ce gefe huɗu ba su isa shaida ba."

Kashegari muka tafi fadama da igiya. A gonar wa muka ja daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, muka sami mita 78 da 'yan kai, muka ja ɗaya gicciyen muka sami haka nan. A gonar ƙane kuwa, gicciye ɗaya mita 50 cif, ɗayan mita 98 da rabi. Ashe gonar a karkace ta ke, ta bi kwanciyar rafin. Faɗinta na gaskiya, in ka tsaya bisa dogon gefe ka miƙe sak zuwa ɗaya dogon gefen, mita 40 ne. Yarinyar ta zana mini a ƙasa da tsinke. In ka yanke alwatikar da ta yi tsini a wannan ƙarshe ka kai ta wancan ƙarshe, za ta cike gurbin da ke can daidai, gama tagwaye ne, sai ka ga gona miƙaƙƙiya mai tsawon 60 da faɗin 40. To, ku yi lissafi da kanku. 60 sau 50, 3,000 ke nan. 60 sau 40 kuwa 2,400. Bambanci murabba'in mita 600, watau gonar ƙane ta gaza ta wansa da kashi ɗaya cikin biyar, ga kuma sa hannuna a ƙasan takarda.

Wa mai tsoron Allah ne. Da aka nuna masa ya yi salati, ya yanka wa ƙanensa ziri mai faɗin mita 5 bisa tsawon gonarsa, murabba'in mita 300 ke nan, kowa ya tashi da 2,700. An gyara awo, amma shinkafar shekara uku ba ta dawo ba, maganganun da aka faɗa kuma ba su koma baki ba, har yau gaisuwarsu ba ta koma yadda ta ke a dā ba. Ba wanda ya yi nufin zalunci a cikinmu. Dattijai adilai da akawu guda, duk da idanunmu, mun duba mun ga daidai. Kimar ido ke nan.

Dalilin kuskurenmu ba shi da wuyar ganewa. Sami kara huɗu, biyu dogaye biyu gajeru, ka ɗaure bakunansu da zare. Tura kusurwa ɗaya da yatsa, za ka ga abin ya karkace, filin da ke ciki ya ragu, alhali kuwa tsawon karan bai sake ba ko kaɗan. Yanzu sami kara uku ka ɗaure haka nan, ka tura. Ba za su motsa ba, sai dai su karye, don kara uku siffa ɗaya tak su ke iya bayarwa. Shi ya sa kafinta ke gicciya katako a bayan ƙyaure don kada ya saki, shi ya sa katakon rufin kwano da dogayen turakun ƙarfe na wutar lantarki duk alwatika ne a jere. Magini ma in zai fid da kusurwar ɗaki ya kan auna 3 a wannan gefe, 4 a wancan, ya yi ta gyara har gicciye ya zama 5. Kowace alwatika mai 3 da 4 da 5 tagwaye ce da 'yar'uwarta, ko a Gulma ko a Makka, don haka kusurwar ba ta saɓawa. Da mun ja igiyar gicciye ran rabo, da kowace gona ta rabu alwatika biyu, da gaskiya ta fito tun ran nan.

Ku da kuka taɓa zama zauren alƙali kun san ƙa'ida: wanda ya yi da'awa shi zai kawo shaidu, kuma ba kowane mai baki a ke karɓa ba, sai wanda ya cika sharaɗi. Lissafin alwatika haka ya ke. Alwatika tana da abu shida, gefe uku da kusurwa uku. Mai cewa biyu tagwaye ne ba sai ya auna duk shidan ba, shaidu uku sun ishe shi, muddin ya zaɓo waɗanda a ke karɓa. Hanya ta fari ita ce wadda muka gani a kara, watau gefe uku na wannan su yi daidai da gefe uku na waccan. Ta biyu, gefe biyu da kusurwar da ke tsakaninsu. Dubi almakashi: in ka san tsawon bakunansa, ka kuma san iyakar buɗewarsa, to ratar da ke tsakanin tsininsa biyu ta riga ta tabbata. Ta uku, kusurwa biyu da gefen da ke tsakaninsu. Akwai ta huɗu wadda ta keɓanta da alwatika mai kusurwar sukwaya, watau mai digiri 90 irin ta lungun ɗaki. A nan gefe mafi tsawo da wani gefe ɗaya sun isa.

Hanya ta uku ita na fi so ku gwada, don ita ce ke aunawa inda ƙafa ba ta zuwa. A ce kana son sanin faɗin gulbi ko tafki, don ka san tsawon tiyon ban-ruwa da za ka saya, ba ka kuwa da jirgi. Tsaya a bakin ruwa daura da wata bishiya sosai wadda ke bakin wancan ƙetaren, ka kafa turke. Bi gaɓa sak, taki 20, ka kafa sanda. Ci gaba sak wani taki 20, ka kafa turke na biyu. Daga nan juya wa ruwa baya ka miƙe tudu, kana waiwaye, har inda za ka ga sandan nan ta rufe maka bishiyar. Tsaya nan. Takin da ka yi daga turke na biyu zuwa inda ka ke tsaye, shi ne faɗin ruwan.

Kada wani ya ce sihiri ne, ga hujja. Alwatika biyu ka yi, ɗaya bisa ruwa, ɗaya bisa tudu, sun haɗa kai a gindin sanda. Shaida na fari, taki 20 daidai ya ke da taki 20. Na biyu, kusurwar turke na fari da ta turke na biyu duk sukwaya ne. Na uku, kusurwoyin nan biyu da ke gindin sanda daidai su ke, gama layi biyu miƙaƙƙu in sun gitta juna, kusurwoyin da ke ba juna baya ɗaya ne kullum. Kusurwa biyu da gefen tsakaninsu sun tabbata, su biyun tagwaye ne, saboda haka gefen da ka taka a tudu daidai ya ke da gefen da ya ratsa ruwa. An ce wani masanin Yunanawa mai suna Talis, wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, da irin wannan hujja ya ke gane nisan jirgi daga gaɓar teku. Yanzu ina tambayar dattijonmu, idon wa zai dubi gulbi ya faɗi faɗinsa har a fid da kuɗi a sayi tiyo a kai?

Sa'an nan akwai shaidun da ba a karɓa, nan kuwa ido ya fi shan kunya. Alwatika biyu suna iya yin daidai a kusurwa uku duka, amma ɗaya ƙarama kamar laya, ɗaya babba kamar gona. Kama da wane ai ba wane ba ne. Akwai kuma wadda ta fi wannan ruɗi, watau gefe biyu da kusurwar da ba a tsakaninsu ta ke ba. A ce akwai hanya miƙaƙƙiya da ta tashi daga ƙofar gidanka. Ka kafa turke can gaba a gefenta, ka ɗaure akuya da igiyar da ta isa ƙetare hanya amma ba ta kai ƙofa ba. Akuyan nan in ta ja igiya ta miƙe, wuri biyu za ta iya tsayawa bisa hanya, ɗaya kusa da ƙofa, ɗaya nesa. Nisan ƙofa da turke bai sake ba, tsawon igiya bai sake ba, kusurwar da ke ƙofa ba ta sake ba, ga shi kuwa an sami alwatika biyu mabambanta. Shaidu uku ne, kowannensu gaskiya ya faɗa, amma ba su yanke hukunci ba. Yaron da ya gane wannan ya gane abin da ya kuɓuce wa manya da yawa, cewa mutum ya kan jero maka maganganun gaskiya ya kai ka ga ƙarya.

Waɗansu kuma ƙorafinsu daban ne. Cewa su ke yi wannan ilmin Nasara ne, ba ruwan Musulmi da shi. Wannan rashin sanin tarihi ne. Fiye da shekara 400 kafin Annabi Isa, wani marubucin Yunanawa mai suna Herodot ya ba da labari cewa a Masar aka fara awon ƙasa, saboda kogin Nilu ya kan cinye gonakin mutane, sai sarki ya aiko a auna abin da ya ragu don a rage haraji. Damuwarsu irin tamu ce ta mutanen fadama. Wajen shekara 300 kafin Annabi Isa, Uƙlidis ya tattara wannan ilmi a birnin Iskandariya cikin littafi mai kashi 13. Hanyoyin nan uku na farko da na faɗa suna cikin kashi na ɗaya, mas'ala ta 8, da ta 4, da ta 26. Sa'ad da Turawan yamma ba su da littafin nan sai guntaye, a Bagadaza aka raya shi. Hajjaju ɗan Yusufu ɗan Maɗar, ba gwamnan nan na Iraƙi ba, shi ya juya shi da Larabci zamanin Haruna Rashidu, wanda ya yi halifanci daga 786 zuwa 809, ya kuma sāke juya shi zamanin Ma'amun. A zamanin Ma'amun ɗin ne, wajen 820, Alhawarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara, ya sa babin awon ƙasa da babi mai tsawo a kan wasiyya da gādo. Sai wajen 1120 wani mutumin Ingila mai suna Adelad ya juya littafin Uƙlidis daga Larabci zuwa Latin. Ashe Turawa ta hannun Larabawa suka karɓa. Imamu Gazali kuwa, wanda ya rasu a 1111, ya yi kashedi cewa mai ƙaryata ilmin lissafi da zaton yana kāre addini, cutar addini ya ke yi. Mu da muka yi makarantar allo mun san horon da Suratul Muɗaffifina ta yi wa masu tauye awo. Rabon gādon gona kuwa rabon fili ne, wanda bai iya auna fili ba yaya zai ba mai hakki hakkinsa?

Amma kada malaman makaranta su yi murna su ce na tsaya musu, gama waɗansunsu su ne suka ba dattijai bakin magana. Na sha tsai da yaro in tambaye shi darasin nan, sai ya rera mini haruffan Turanci kamar mai waƙa, es-es-es, es-e-es, e-es-e. In na ce don me ba a karɓar es-es-e, sai ya sunkuyar da kai ya ce haka aka ce musu. Malami ya rubuta hujja a allo, yara sun kwafe, sun haddace, sun zuba ran jarrabawar WAEC ko NECO, sun manta. In haka a ke koyarwa, to dattijon Gulma yana da gaskiya, aikin banza ne. Hadda tana da wurinta, mun kuwa san darajarta, amma hujjar da ka haddace ba ka gane ba, shaidar ji ce kurum. Malamin yarinyan nan da ta gyara mana rabo ba wani kayan aiki mai tsada gare shi ba. Kara da zare ya sa su kawo, ya fitar da su fili, ya yi musu bayani da Hausa tukuna, sa'an nan ya ba su sunayen Turanci. Kara bai yi wa kowace makaranta tsada ba a ƙasan nan.

Samari kuma su kan ce duk wannan ya wuce, yanzu akwai na'ura, mutum ya kewaya gona da wayar hannu ta faɗa masa girmanta. Gaskiya ne akwai, ba ni kuwa da ƙi. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin noma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015, aka riƙa lissafa iri da taki da bashi bisa hekta, watau murabba'in mita 10,000, manoman shinkafa suka ga girman gona ya zama maganar kuɗi. Amma na'ura lamba kurum ta ke ba ka. In mai riƙe da ita ya yanke hanya a kusurwa ɗaya, ko da gangan ko da kuskure, da me za ka gane, in ba ka iya jan igiya ka bincika da kanka ba? Ita kanta na'urar da nisan da ke tsakaninta da taurarin ɗan'adam ta ke gane inda ta ke, lissafin siffofi ne a cikinta. Ma'aikatan safiyo ma da suka zana taswirar Nijeriya zamanin Turawa da alwatika suka yi, su auna gefe ɗaya a ƙasa, su hau duwatsu su auna kusurwoyi, sauran nisa duk ya fito.

Na yarda yawancin yaran nan ba za su zama ma'aikatan safiyo ba. Amma duk za su zama masu jin magana, a kasuwa, a rediyo, a Facebook, a bakin masu neman ƙuri'a da masu sai da magani. Darasin alwatika yana koya wa yaro ya raba abu uku: abin da aka ba shi tabbas, abin da a ke so ya yarda da shi, da dalilin da ya haɗa wannan da wancan. A cikin darasin nan ƙaramin yaro yana iya ce wa malami ka yi kuskure, malami kuwa ba shi da mafita sai ya kawo dalili ko ya janye. Ni da na sa hannu bisa takardar rabo don na ga manyana sun yarda, da an koya mini haka tun ina yaro da ban jawo wa gidan ƙanen mahaifina abin da na jawo ba.

Saboda haka ina da roƙo. Ku iyaye, ku da kuka jure kuka koyi karatu da girmanku, in yaro ya kawo muku littafinsa kada ku yi masa dariya. Ku ce ya zana muku a ƙasa, ya gaya muku dalili da Hausa. In ya kasa, ku je ku sami malaminsa cikin mutunci ku tambaya. Ku malamai, ku fitar da yara fili da kara da igiya kafin ku ba su haruffa. Ku hakimai da dagatai da masu unguwanni, da duk wanda a ke kira rabon gona, kada a sa hannu bisa takarda sai an ja igiyar gicciye, an rubuta tsawonta tare da na gefe huɗun, don ko ruwa ya shafe iyaka a iya mayar da ita yadda ta ke. Dattijon Gulma kuwa na aika masa da kara huɗu a ɗaure da kara uku a ɗaure ta hannun jikansa, na ce ya tura kowanne da yatsa, ya aiko mini da abin da ya gani.

Allah ya ba mu ikon cika awo, ya tsare mu da cin hakkin 'yan'uwa ko da bisa rashin sani, amin.